Ruwan Tuffar Deptford

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Yau yarinyar ta zo da mijinta. Tun asuba nake tsaye a kicin, tuwon shinkafa da miyar taushe, ga naman rago. Ko loma ba ta kai baki ba. Ta kalli kwanon kamar an ajiye mata magani, sannan ta buɗe jaka ta fito da wani jan flas, ta tsiyaya wani ruwa mai launin shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu tana sha tana lumshe ido. A kan teburina. Ƙamshin kirfa ya cika falon har ya danne na miyata.

Alhaji ne ya tambaye ta mene ne wannan. Ta ce cider ne. Na ce a'uzubillahi. Ta yi dariya ta ce ba na giya ba ne, tuffa ce ake dafawa da kayan ƙamshi a slow cooker, tukunyar lantarki mai dafa abu a hankali, Mma ce take yi mata, kuma tun da laulayin nan ya sa ta a gaba shi kaɗai ke zama a cikinta. Mma ɗin ita ce Hajiya Fauzia, uwar mijinta Usaid, 'yar zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Deptford. Ni Umma ce, ita Mma, kuma na lura nata ya fi saurin fita daga bakin yarinyar.

Da suka tashi tafiya ta ja babanta bakin ƙofa. Ina wanke-wanke, amma kunnena na wurinsu. Wai in ta sauka, a Deptford za ta yi jego. Haihuwar fari fa. Ɗakin baya tun Agusta na sa aka yi masa fenti, gadon jariri na nan cikin kwalinsa, busasshen ganyen darbejiya da kanwa da geron kunu na tafe daga Kano. Duk danginmu ban taɓa jin wadda ta yi jegon fari a gidan uwar miji da ran uwarta ba.

'Yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na kallon cikinta, ba na tambayar wata nawa ne. Haka tsohuwarmu ta yi wa yayarmu, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya ce ba ta son ta. Na sake ɗauraye kwanukan da na riga na ɗauraye.

Litinin, da hantsi

Alhaji ya tsaya da jaka a hannu, ofishinsu na Charing Cross na jiran sa, yana ba ni shawara. Wai in ɗauki waya in kira ta in ce ina so ta dawo gida jego. Ni? In buɗe baki in roƙi 'yar fari ta zo in yi mata wanka, abin da kowace yarinya ta tashi ta tarar ana yi? Ya ce yaran da aka haifa a ƙasar nan ba su san kara ba, abin da ba a faɗa musu da baki ba, a wurinsu babu shi. Na ce ya tafi kar jirgin tube ya wuce shi.

Da ya fita na ga jan flas ɗin a gefen kujera, ta manta shi. Na buɗe na sunsuna. Saura kaɗan a ƙasa. Ban sha ba. To, na ɗanɗana, bakin cokali, don in san abin da ake ɗura wa 'yar mutane.

Talata, da rana

Tuffa dai. Abin da a Kano sai za a dubiya asibiti ake saya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na sayo tukunyar slow cooker ɗin. Na ce wa mai kantin ta farfesun ƙashi nake so, kamar ya tambaye ni. Kwalin na cusa shi ƙarƙashin bene. Tuffa kuwa ban saya ba. Maƙwabcinmu Katung, mutumin Kafanchan, bishiyarsa ta kan katangarmu take zubar da 'ya'ya, duk shekara ina shara ina mita. Yau ya leƙo ya gan ni ina tsinta a leda, ya ce Hajiya ashe an yi sulhu da bishiyar. Ya ciko min bokiti.

Na ce a raina, macen da ta shekara talatin tana haɗa zoɓon suna da na biki, ruwan tuffa ne zai gagare ta? Na yanka na zuba, na bi da citta, kanumfari cikin tafi, masoro, kimba, garin kirfa ba awo. Na murɗa ta kan wuta mafi ƙarfi. Wannan tukunya ba ta da zuciya ko kaɗan. Ba tafasa, ba ƙara, sai wani gumi da take yi a jikin murfi. Na buɗe na juya na rufe, na je na dawo na sake buɗewa. Ni ban iya girkin da ba a tsayawa a kansa ba.

Abin da ya fito baƙi ne mai yauƙi, kamar jiƙon maganin shawara. Na miƙa wa Alhaji a kofi ban ce masa komai ba. Ya kurɓa, sannan ya tambaya cikin ladabi ko na mura ne, don harshensa ya mutu. Na tuttular na buɗe tagogi.

Asabar, bayan magariba

Na je Deptford sayen busasshen kifi. Akwai kifi a nan unguwarmu Barking, na sani. Tun da na shiga unguwar kuma, rashin kirki ne in wuce ban gaida Hajiya Fauzia ba.

Usaid ne ya buɗe min, ya durƙusa har ƙasa, yaron ba shi da laifi. Na shiga falo da sallama. Yarinyar na kwance a doguwar kujera, ƙafafunta a cinyar Fauzia, ita kuma tana murza mata su da man kaɗe tana yi mata wata waƙarsu ta zango. Ƙafafun sun kumbura, yatsun kamar ba nata ba. Tana ganina ta janye su, ta tashi zaune, ta ja mayafi ta rufe cikinta ta sunkuyar da kai. Daidai yadda na koya mata. Ban taɓa zaton tarbiyyar da na bayar da hannuna za ta yi min ciwo haka ba.

Fauzia kuwa baki ba ya rufuwa, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji.

“Zarah bai ci komi ba yau, Hajia. Zarah, sha kaɗan. Zarah, miƙe ƙafa, Ummanka ne fa, ba baƙo ba.”

Sunan da ni na zaɓa tun tana ciki, na gaya wa Alhaji a asirce, ban taɓa furta shi a gabanta ba, wannan mata tana watsa shi kamar tana watsa wa kaji tsaba.

Na bi ta kicin wai zan wanke hannu. Tukunyarta tsohuwa ce, hannun murfin da igiya aka ɗaure shi. Ta cikin gilashin na ga kirfa sanda-sanda, ba gari ba, ga lemo, ga tuffa kala biyu ba a fere ba. Ta kama ni ina leƙe. Ta ce ba a buɗe shi, tun safe har la'asar ake barin shi a ƙaramar wuta shi kaɗai, in ina so ta koya min. Na ce a'a, mu ba mu saba da irin waɗannan ba. Ta zuba min kofi da zafinsa.

Yana da daɗi. Allah ya gani yana da daɗi, kuma ina kishin matar nan kishin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Sai da jirgin DLR ya kai Limehouse na tuna ban sayi kifin ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Karo na biyu. Kirfa sanda, kanumfari 'yan ƙwayoyi, tuffar Katung mai tsami da ja mai zaƙi ta kanti, lemo guda da ɓawonsa. Na yi niyyar ba zan buɗe ba. Na buɗe. Ya fito da ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, ashe farin ɓawon lemon ne. Fauzia ta ɓare nata, na gani da idona, zuciya ce ta hana ni lura.

Da safe yarinyar ta sa hoto a group ɗin gida na waya, kofi a hannunta, ta rubuta godiya ga Mma, ta jera jajayen zukata. Girki nawa na yi mata a duniya? Ban taɓa ganin zuciya ko ɗaya ba, ko baƙa ce.

Juma'a, da hantsi

A asibiti suka kwana shekaranjiya. Ni sai yau na ji, daga bakin Alhaji, shi kuma daga Usaid. Jininta ne ya hau. Akwai sunan da likita ya kira abin, Alhaji ya maimaita min, ba zan rubuta shi a nan ba. Sun sallame ta, sun ce ta kwanta, kuma wataƙila ba za su jira watan ya cika ba.

Fauzia ce ta raka ta. Fauzia ce ta kwana a kujera. Na tambayi Alhaji me ya hana a kira ni, ya ce yarinyar ce ta ce kar a dame ni, tun da ba na son maganar. Ba na son maganar! Ni da ba na ɗaga goshi daga sujada sai na roƙa mata sauka lafiya.

Ranar da ta gaya min tana da ciki ina soya albasa. Na ce Allah ya raba lafiya, na ci gaba da suyata. Me ake so in yi, in taka rawa? An ce Fauzia rawar ta taka, har da guɗa, sai da mutanen flat ɗin ƙasa suka buga mata silin.

Asabar, bayan sallar asuba

Ya Allah ka raba su lafiya. Ko a Deptford ne.

Asabar ɗin dai, da rana

Amma dai gara a Barking.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na gane maganin hannuna. Na yanka tuffar gida huɗu da ɓawonta, mai tsami da mai zaƙi. Na ɓare lemon tas, na kankare farin. Kirfa sanda, kanumfari kaɗan, gyaɗar ƙamshi, sai ɗanyar citta ɗan yanki, wannan ba a tukunyar Fauzia na gan ta ba, tawa ce. Na zuba ruwa ya sha kansu, na sa ƙaramar wuta, na rufe. Daga nan na ɗauki mayafina na fice na bar mata gidan.

Na zaga kasuwa ban sayi komai ba. Na zauna a Barking Park cikin sanyi ina kallon tsofaffin Turawa da karnukansu, na yi azahar a masallaci, na ƙara zama. Wata uwa ta wuce da 'yarta budurwa, hannu cikin hannu, suna cin abu ɗaya a leda. Na kau da kai.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tare ni. Tuffar ta yi laushi ta narke, ruwan ya yi ja-ja kamar zuma. Na dama ta da ludayi a cikin tukunyar, na ƙara ba ta lokaci, sannan na tace da farin ƙyallen da nake tatar koko, na matse har hannuna ya yi ja. Zuma kaɗan. Alhaji ya dawo ya sha kofi, ya miƙo a ƙara, ya ce ko za a ƙara masa na uku. Na tambaye shi tsakani da Allah, da wannan da na Deptford wanne ya fi. Ya ce shi bai taɓa shan na Deptford ba. Ƙarya yake, na ga flas a motarsa.

Laraba, da yamma

Jiya na sake yi, yau da safe na ɗumama na cika jan flas ɗin da ta manta. Na ba Alhaji ya kai wa Usaid a tasha. Na ja masa kunne, kar ya kuskura ya ce ni na dafa, ya ce kawai ga flas ɗinta. Ya ce wannan wace irin wahala ce. Na ce uwa ba ta tallar abin da ta yi wa 'yar fari, in ta sha za ta gane hannun da ya yi. Jinina ce ai.

Abin da ban sani ba, irin flas ɗin nan Fauzia na da su da yawa, kullum wani na tafiya wani na dawowa. Usaid ya ajiye a kicin ya wuce aiki.

Da azahar waya ta yi ƙara. Hoto ne a group, kofi da tururi. Ta rubuta wa Mma cewa na yau ya fi na kullum, cittar nan ta buɗe mata ƙirji, ta shanye flas ɗin duka har ta ci burodi a kai. Zukata har layi biyu.

Cittata. Zumata. Hannuna da har yanzu yake zogi. Na zauna a kan matakalar bene ina kallon wayar, ban san ko murna zan yi ta ci burodi ba, ko in jefa tukunyar bayan gidan Katung. Alhaji ya kira ya ce bari ya rubuta gaskiya. Na ce in ya rubuta, ya nemi mai yi masa tuwo.

Fauzia ba ta amsa a group ɗin ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan azahar

Fauzia ta zo. Ba waya, ba sanarwa, sai ƙararrawa. Tana shigowa ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta yi murmushi, na ji kamar in shaƙe ta. Na kawo mata shayi a kofunan yau da kullum, ban fito da na baƙi ba.

Ta ce ta gaya wa yarinyar ba ita ta aiko ba. Sai yarinyar ta fara lissafo mutane, ko ƙawarta Hanan ce, ko matar wan Usaid, ko wata a wurin aikinsu. Fauzia ta ce mata, to Ummanka fa?

Na ce, me ta ce?

Ta juya cokali a kofi, ta juya, kafin ta faɗa da Hausarta ta zango.

“Ya ce, Umma ba zai yi ba. Ko ya jiki bai taɓa tambayana ba.”

Na tashi na rage wutar da ban kunna ba. Da na dawo ta ci gaba. Wai ita ma ta san kunyar ɗan fari, a zango ma ana yi, nata na fari sai da ya shekara bakwai yana ɗauka kakarsa ce ta haife shi. Amma can akwai kaka, akwai goggo, akwai inna, in uwa ta kau da kai mutum goma ne za su ɗauki yaron su goya. Nan fa? Nan in kin kau da kai sai bango. Ta ce ba ta gaya wa yarinyar ni ce ba, kuma ba za ta gaya mata ba, wannan magana tawa ce.

A falona take min wa'azi, da shayina a hannunta. Na raka ta bakin ƙofa na ce ta gaida gida. Abin da ya fi ƙona min rai, da muguwa ce da na samu abin kamawa. Har kirkin ma ta fi ni.

Asabar, da hantsi

Na kira yarinyar. Ta ɗauka ta ce, Umma lafiya? Don ban saba kira ba. Na ce lafiya lau. Na fasa faɗar abin da na kira in faɗa. Na tambaye ta ko council ɗinsu, hukumar unguwa, ma sun canja ranar kwashe shara. Ta ce ba ta sani ba, za ta tambayi Usaid. Na ce to, a gaida shi.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan isha'i

Da safe Alhaji ya kira, sun riƙe yarinyar a asibiti, za su sa mata ruwan naƙuda. A al'ada yau ce ranar da zan yi nisa, in tafi gidan wata in zauna kamar ban san abin da ake ciki ba, sai an zo min da albishir. Na tsaya a tsakiyar kicin. Sai na ga hannuna na yanka tuffa.

Tukunyar ba ta san gaggawa ba. Na zauna a gabanta da carbi, ban fita ba, kuma ban buɗe ba. Da la'asar na tace na zuba a shuɗin flas ɗina na Makka, wanda duk gidan nan an san nawa ne.

Na same ta a gado, an ɗaura mata wani bel a ciki, na'ura na buga bugun zuciyar abin da ke ciki. Fauzia na ganina ta tashi ta ce za ta je alwala, ta ja Usaid. Yarinyar ta fara laluben mayafi. Na ce ta bar shi. Na zuba a murfin flas ɗin na miƙa mata. Ta kurɓa, ta tsaya.

Na ce, “Ni na dafa. Na ranar Laraba ma ni ce.”

Ta kalle ni ta kalli kofin. “Umma, why didn't you say?”

“Ba a faɗa.”

“To ni ta yaya zan sani?”

Na kalli na'urar, na kalli labule, sannan na kalli cikin, karo na farko, ido biyu. Ya yi girma fiye da yadda na zata. Na ce mata, yaya jikin? Sai ta fashe da kuka, kuka sosai, har wata nas ta leƙo. Na tsaya riƙe da flas ban san inda zan ajiye shi ba.

Da ta lafa na ce ɗakin baya na nan, an yi fenti. Ta share ido ta ce ta sani, Baba ya gaya mata, amma ta riga ta yi wa Mma alkawari, kayanta na can, midwife, ungozomar asibiti, ma adireshin can gare ta. Ta faɗa a hankali, tana riƙe da gefen mayafina. Na ce ba komai.

Mutum biyu kawai ake bari a ɗakin haihuwa, kuma tun tuni an rubuta sunayensu, Usaid da Fauzia. Na dawo gida.

Laraba, da hantsi

Mace. Su biyun lafiya, alhamdulillahi. A hoton farko hannun da ke riƙe da jaririyar akwai zoben azurfa da na sani, na Fauzia.

Juma'a, da yamma

An sallame su, suna Deptford. Na shiga ɗakin baya na zauna a kan kwalin gadon. Warin fenti bai gama fita ba.

Kayan Kano sun iso jiya. Na haɗa ganyen da kanwar da geron a jaka, na sa zannuwa na kwana da yawa. Ƙanwata ta turo saƙon murya daga Fagge tana salati, wai yaya, a gidan surukai za ki kwana, ke da 'yar fari, me za a ce. Ban amsa ba. Na kira Fauzia na ce ina tafe gobe, in akwai wurin shimfiɗa tabarma. Ta ce ɗakin ɗinkinta na nan tun jiya ta share. Wato ta san zan zo. Wannan ma ya ba ni haushi.

Na ɗora tukunya ta ƙarshe da ragowar tuffar Katung.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar, Deptford

Alhaji ya kawo ni da mota, tukunyar a cinyata na naɗe ta da tawul, ina yi masa faɗa a kowane rami. Na shiga da ita falo da kaina na buɗe murfi. Yarinyar ta toshe hanci ta juya kai. Ta ce Umma don Allah a fitar, tun da ta sauka ko ƙamshinsa ba ta son ji, na Mma ma jiya sai da aka zubar. Na kalli Fauzia, ta ɗaga kafaɗa. Mu biyu muka tsaya a kicin, tukunyarta ga tawa, ba mai sha. Usaid ya ce shi zai sha. Ba wadda ta kula shi.

Na tafasa ganyen a babbar tukunya. Na ɗauka Fauzia za ta ce gidanta ne, ita za ta fara, har na shirya abin da zan ce mata. Sai ta ɗauki bokitin ta kai ƙofar banɗaki, ta miƙo min tawul, ta karɓi jaririyar ta koma falo.

Yarinyar na zaune a kan wata 'yar kujerar roba a cikin baho, ta ba ni baya. Rabona da ganin bayan nan tun tana firamare. Na gwada ruwan da gwiwar hannu, na surka, don midwife ta ce ban da mai ƙuna. Na tsoma ganyen zan fara, sai na ga wani tabo a kafaɗarta ta hagu, tsawon ɗan yatsa, tsoho, har ya yi fari. Ban san shi ba. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce tun tana sakandare, daga keke ta faɗo a kan wani ƙarfe, ita ta wanke abinta ta rufe da filasta. Na ce me ya hana ta nuna min.

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Na ɗauka ba kya son kallona ne, Umma.”

Tururi ya cika banɗakin. Na ɗora ganyen a kan tabon, na bi da tafin hannuna, na daɗe ban ɗauke ba, har ruwan ya fara hucewa. Fauzia ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko ta shigo da wani ruwan zafin. Na ce ta ajiye a bakin ƙofa ta bar mu, ba mu gama ba.